Yadda Ake Amsa Kiran Allah Zuwa Hidima a Ikkilisiyarka

Akwai wani nauyi da yakan sauko wa mai bi a tsakiyar sujada. Ana waƙa, ana karanta Maganar Allah, kana zaune a kujerar da ka saba zama shekara da shekaru, sai ka ji zuciyarka tana ce maka zaman nan haka ya isa. Lahadi ta juyo, abin yana nan. Wasu sukan yi shekaru ɗauke da wannan nauyi suna jiran mafarki ko murya daga sama. Wasu kuma gari na wayewa sun isa gidan fasto, wai Allah ya kira su, a ba su bagade su yi wa'azi. Na ga duka biyun da idona, kuma na ga yadda sukan ƙare da ɓacin rai. Abin da na gaskata shi ne, kira yakan fara a zuciyar mutum ɗaya, amma a tsakiyar jama'ar Allah ake tabbatar da shi, ta wurin aikin da ido yake gani. A kan wannan na jera matakan da ke ƙasa. Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar'uwa, da ke ma nake.

Mataki na farko: zauna da kiran kafin ka faɗa wa kowa

Ka keɓe lokaci, a ce wata guda, kana kai wannan magana ɗaya gaban Ubangiji kowace rana. In lafiyarka ta yarda, ka haɗa da azumi. Ka sami ɗan littafin rubutu, ka riƙa rubuta abin da ke dawo maka a rai da ayoyin da suka tsaya maka, tare da kwanan wata. Amfanin rubutun shi ne, zafin da wa'azi mai daɗi ya haifar yakan huce cikin kwana uku, amma nauyin da Allah ya ɗora yakan ƙara tabbata, kuma takardar za ta nuna maka wanne ne naka.

Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima, ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a. Daga lokacin da labarin ya iso shi zuwa ranar da ya buɗe baki a gaban sarki, kusan wata huɗu ne suka wuce. Ko da ya isa birnin ma, da dare ya fita ya zagaya garun yana dubawa, bai gaya wa kowa abin da Allah ya sa a zuciyarsa ba tukuna (Nehemiya 2:12). Garaje ba ƙarfi ba ne.

Cikin wannan watan ka yi wa kanka tambaya mai zafi, ka amsa tsakaninka da Allah: in aka ba ni aikin nan, ba a taɓa ambaton sunana a sanarwa ba, ba wanda ya ce mini sannu, zan ci gaba? Wasiƙar Yahaya ta uku ta ambaci wani mutum a ikkilisiya da abin da aka san shi da shi shi ne son zama na gaba, har yana korar 'yan'uwa. Wannan ciwon ba ya rubuta sunansa a goshi. Yakan shigo da rigar himma. In ka tarar da shi a cikinka, kada ka yanke ƙauna, ka tuba ka ci gaba da addu'a.

Tsoro kuwa ba shaida ba ce cewa ba a kira ka ba. Musa ya ce bakinsa da harshensa suna da nauyi (Fitowa 4:10). Irmiya ya ce shi yaro ne, bai iya magana ba (Irmiya 1:6). Ba a sallami ko ɗayansu ba.

Mataki na biyu: ka tabbata kai ɗan gida ne

Ba a yi wa ikkilisiya hidima daga bakin ƙofa. In har yanzu kana yawo, wannan Lahadi nan, waccan can, to ka tsaya wuri ɗaya tukuna. In ba a yi maka baftisma ba, ko sunanka bai shiga littafin membobi ba, ka nemi shugabanni ka bi tsarin da ikkilisiyarku take bi. Ka riƙa zuwa taron addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, domin a nan ake sanin mutane, a nan kuma za ka ji ainihin abin da ke damun jama'a.

In akwai wanda kuka yi shekara ba ku gaisa ba a cikin majami'a ɗaya, ka je ku shirya. Yesu ya ce mai kawo baiko da ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya ajiye baikon a gaban bagade ya je su sasanta tukuna (Matiyu 5:23-24). Hidima ma baiko ce.

Sai gida. Ka zaunar da matarka, ko ki zauna da maigidanki, ku yi maganar a fili: yamma nawa a mako aikin zai ci, wa zai kula da yara a lokacin, me za a rage. In kana gaban iyayenka, su ji daga bakinka. Bulus ya tambayi Timoti yadda wanda ya kasa riƙe gidansa zai iya kula da ikkilisiyar Allah (1 Timoti 3:5). Na san 'ya'yan masu hidima da suka girma suna jin haushin coci, don ita ce ta ƙwace musu uba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, kuma ana iya kauce masa tun daga zaman farko.

Mataki na uku: haɗa baiwarka da giɓin da ke gabanka

A nan mutane da yawa suke ɓata, don sun ɗauka hidima ita ce riƙe makirufo. Ka buɗe Romawa 12:6-8 ka karanta a hankali. Akwai annabci da koyarwa, amma a jere ɗaya da su akwai hidima, da ƙarfafa zuciya, da bayarwa, da shugabanci, da nuna jinƙai. A Fitowa sura 31 Allah ya ce ya cika Bezalel da Ruhunsa, aikin da aka cika shi domin yi kuwa shi ne ƙira da zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar dutse da itace. A Yafa akwai wata almajira, Tabita, da ta rasu gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa tufafin da ta ɗinka (Ayyukan Manzanni 9:39). Ba a rubuta mana wa'azinta ko guda ba. Allura da zare ne hidimarta, sunanta kuma yana cikin Littafi har yau.

Ka yi wa kanka tambayoyi biyu. Da wace irin bukata mutane suke zuwa wurinka ba tare da ka yi talla ba? Wani ana zuwa masa da lissafi, wata ana kawo mata kuka, wani kuma yara ne ke manne masa duk inda ya zauna. Ta biyu: mene ne kake gani a ikkilisiya yana sosa maka rai, alhali wasu suna wucewa ba su ko lura ba? Sau da yawa abin da ka fi gunaguni a kai, shi ne aikin da ake kiranka ka yi.

Ga wani abu da nake ba kowa shawara ya gwada. Wata Lahadi ka riga kowa zuwa, awa guda kafin sujada, ka tsaya ka duba. Za ka ga dattijuwa ɗaya tana goge kujeru ita kaɗai, kuma ita ce ke yi tun kafin ka yi wayo. Za ka ga saurayi yana fama da wayoyin lasifika, gumi na zuba, ba mai riƙe masa ko gefe. Ka leƙa ajin Makarantar Lahadi, ka ƙirga yaran da ke gaban malama ɗaya. Bayan an tashi kada ka yi saurin tafiya. Ka lura da baƙon da ya tsaya a gefe yana juya hularsa ko wayarsa a hannu, kowa yana gaisawa da wanda ya sani, shi ba wanda ya tambayi sunansa. Ka tuna da tsohon da kujerarsa ta yi mako uku ba kowa a kai. Rana ɗaya irin wannan ta fi wata guda na tunani a ɗaka. Gani ya kori ji.

Sa'an nan ka tambayi mutum biyu ko uku da suka manyanta cikin bangaskiya, waɗanda ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya, me suke gani a cikinka. Sama'ila ya ji murya har sau uku yana tsammani Eli ne ke kiransa. Tsohon firist ɗin ne ya gane Ubangiji ne, ya kuma koya wa yaron abin da zai amsa (1 Sama'ila 3:8-9). Wanda ake kira ba kullum ne yake fara ganewa ba.

Mataki na huɗu: kai maganar wurin fasto da dattawa

Kada ka tare fasto a bakin ƙofa ranar Lahadi, mutum hamsin suna jiran su gaishe shi. Ka roƙi ya ba ka lokaci a cikin mako. In ka je, bayan gaisuwa, ka faɗi abinka a sauƙaƙe, kamar haka: "Baba Fasto, na yi wata guda ina addu'a a kan wani nauyi da nake ji game da yaranmu. Ina ganin zan iya taimakawa a Makarantar Lahadi. Ina da safiyar Lahadi da yamma ɗaya a mako. Na zo ne ku duba ni, ku sa ni inda kuka ga ya dace."

Ka lura, ba a ce "Allah ya ce mini ku ba ni kaza" ba. Wanda ya shigo da wannan magana ya rufe bakin kowa, don wa zai yi gardama da Allah? Ka bar wa shugabanni wurin yin addu'a da auna abin. A Antakiya, ikkilisiya tana sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu, 'yan'uwa kuma suka ƙara azumi da addu'a, suka ɗibiya musu hannu, sannan suka sallame su (Ayyukan Manzanni 13:2-3). Shawulun nan shi ne Bulus, wanda ya ga haske a hanyar Dimashƙu, amma bai tsallake ikkilisiya ba. Timoti ma, kafin Bulus ya ɗauke shi, 'yan'uwa na Listira da Ikoniya sun riga sun yi masa kyakkyawar shaida.

Mai yiwuwa a ce ka dakata, ko a tura ka wani aikin da ba shi ka nema ba. Zai yi zafi, ba na ɓoye maka. Ka tambaya cikin ladabi: me kuke so in gyara, yaushe kuma zan dawo mu sake dubawa? Ka karɓi aikin da aka ba ka. Shugabanni mutane ne, suna iya kuskure, amma yadda ka ɗauki "dakata" yana nuna musu halinka fiye da duk abin da ka faɗa da baki. In kuwa sabon tuba ne kai aka hana ka shugabanci, ba ƙiyayya ba ce, umarnin 1 Timoti 3:6 suke bi, don kada girman kai ya kā da kai.

Mataki na biyar: ɗauki ƙaramin aiki ɗaya, mai wa'adi

Ɗaya na ce. Taura biyu ba ta taunuwa. Sabon mai himma yakan shiga ƙungiyar mawaƙa, da kwamitin gini, da ziyarar marasa lafiya duk a wata ɗaya, kafin shekara ta zagayo ya ɓace gaba ɗaya. Ku yarda da shugaban sashen a kan wa'adi, wata uku ko shida, bayansa ku zauna ku duba. Wa'adin yana ba ka ƙofar fita ba tare da kunya ba in ka ga ba wurinka ba ne, yana kuma ba su damar faɗa maka gaskiya. Ka nemi a fayyace maka abu uku tun ranar farko: mene ne ainihin aikin, wa kake ba wa rahoto, wa za ka kira in wani abu ya hana ka zuwa.

Gwaji ba raini ba ne. An umarta a gwada masu hidima tukuna kafin a ɗora su (1 Timoti 3:10). Ka tuna yadda aka zaɓi mutum bakwai na Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni ne ya tashi, don ana tsallake gwauraye mata na Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Domin wannan aikin rabo aka nemi mutane masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Daga cikinsu Istifanas ya fito, wanda aka jejjefe saboda shaidar Yesu, da Filibus da ya kai bishara Samariya. Daga teburin gwauraye suka fara.

A cikin watannin nan, abin da ake dubawa ba gwaninta ba ce. Ka zo a kan lokaci. In ka ce za ka yi, ka yi. In koyarwa ce, ka shirya darasinka tun tsakiyar mako, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka haddace sunayen waɗanda kake yi wa hidima, ka riƙa yi musu addu'a da suna. In ka je gaida mara lafiya, kada ka wuce minti goma sha biyar ko ashirin sai in shi ya riƙe ka, ka fi sauraro, ka nemi izininsa kafin ka yi addu'a, kada kuma ka ce masa zunubinsa ne ya jawo ciwon.

Mataki na shida: kafa wa kanka shinge tun ba a tambaye ka ba

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, tsallake shi ne kuma ya fi rusa masu hidima.

Kuɗi: kada ka taɓa ƙirga baiko kai kaɗai. Mutum biyu aƙalla, waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, su ƙirga, su rubuta, su sa hannu kafin a bar wurin. Kada kuɗin ikkilisiya ya kwana a aljihunka ko ya shiga asusunka, ko da da niyyar mayarwa gobe. Duk abin da ka saya, ka kawo rasit. Wani zai ce, ai an yarda da ni. Bulus ma an yarda da shi, amma da zai kai gudummawa ga tsarkaka sai ya tafi tare da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili: don kada kowa ya sami abin zargi, yana so ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma (2 Korintiyawa 8:18-21).

Yara: kada babba ɗaya ya kasance da yaro a ɗaki a rufe. Manya biyu a aji, ƙofa a buɗe, iyaye kuma su san wanda ke tare da 'ya'yansu. In yaro ya gaya maka wani yana cutar da shi, ka saurare shi, kada ka yi masa alkawarin rufe maganar, ka kai ta ga shugabanni da hukumar da doka ta ɗora wa alhakin kare yara a ranar. Rufa-rufa don kare sunan coci zunubi ne a kan yaron, kuma ƙarshenta sunan ma ba ya tsira.

Ziyara da ba da shawara: in za ka je wurin wadda ba matarka ba, ko za ki je wurin wanda ba mijinki ba, ku tafi ku biyu, ko a zauna inda ido ke gani. Abin da aka gaya maka a asirce kuma ya tsaya wurinka, sai dai in ran wani yana cikin haɗari. Kada ka mai da asirin ɗan'uwa "abin addu'a" a gaban taro.

Mataki na bakwai: ci gaba da koyo

Afolos gwanin magana ne, masanin Littattafai, duk da haka Bilkisu da Akila suka jawo shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, shi kuma ya saurara (Ayyukan Manzanni 18:24-26). Ka nemi wanda ya daɗe a aikin ka riƙa binsa. Bayan ka koyar ko ka bi da sujada, ka tambaye shi abu ɗaya da za ka gyara.

In bayan shekaru na aminci nauyin da ke zuciyarka yana karkata zuwa aikin fasto ko bishara na cikakken lokaci, ikkilisiya kuma ta ga haka, to sai a yi maganar makarantar Littafi Mai Tsarki ko ta tauhidi, ta hanyar da ɗariƙarku ta tsara. Kada ka ajiye sana'arka a kan zafin dare ɗaya. Yesu ya ce mai son gina hasumiya yakan zauna tukuna ya yi lissafi (Luka 14:28). Bulus kansa ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti yana wa'azi. Yawancin waɗanda Allah yake kira suna cika kiransu ne suna riƙe da aikin hannunsu.

Mataki na takwas: yadda za ka daɗe

Gajiya za ta zo. Alamarta ta farko ita ce ka tarar kana buɗe Littafi Mai Tsarki don shirya wa wasu kawai, kai kanka ba ka ci ba. Ta biyu, ka fara jin haushin mutanen da kake yi wa hidima. In ka ga haka, ka faɗa wa shugabanka, ka nemi hutun 'yan makonni. Yesu ya ce wa almajiransa su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, don masu kai da kawowa sun yi yawa har ba su da sukunin cin abinci (Markus 6:31). Ka tsare rana ɗaya a mako wadda ba taro, ka kuma sami Lahadin da za ka zauna a cikin jama'a kawai ka ji Magana.

Saɓani ma zai zo, da mutanen kirki kuwa. Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a kan Markus har suka rabu, amma daga baya Bulus ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus, don yana da amfani a gare shi wajen hidima (2 Timoti 4:11). In wani ya ɓata maka rai, ka same shi ku biyu kaɗai tukuna, yadda Matiyu 18:15 ta koyar. Kada maganar ta fara zagaya ƙungiya ko ta hau waya kafin ta isa kunnensa.

Tun shekararka ta farko ka fara neman wanda zai gaje ka. Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da jama'ar, ka naɗa shugabanni na dubu-dubu, da ɗari-ɗari, da hamsin-hamsin, da goma-goma (Fitowa 18). Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka ɗauki matashi ɗaya, ya fara kallonka kana yi, sa'an nan ku yi tare, daga baya ya yi kana kallo, ka kuma bar shi ya yi kuskure ba tare da ka ƙwace aikin ba. Ranar da lokacin saukarka ya yi, ko don ƙaura, ko tsufa, ko an kira ka wani sashe, ka sanar da shugabanni aƙalla wata guda kafin nan. Ka rubuta yadda aikin yake tafiya a takarda, ka miƙa makullai da littattafai da lissafin kuɗi a gaban shaidu, ka bar wa magajinka lambar wayarka, sa'an nan ka roƙi a yi muku addu'a tare a gaban jama'a.